Tokar Inna A'i

Ranar Litinin ce, an kwana ana ruwa a Bauchi, har masu keke suka ƙi shiga layin su Inna A'i a Fadaman Mada. Da ƙafa ta taka zuwa ɗakin gwaje-gwajen da take wankin kwalabe, shekara tara ke nan.

Ta tarar da Liatu, ɗalibar da za ta miƙa aikinta na ƙarshe ranar Juma'a, ta zabga tagumi gaban kwalabe goma sha biyu.

"'Yata, wa ya rasu?"

"Ƙwayoyin cutar da nake kiwo ne suka ƙi aiki, Inna. Dangin masu sa taifot ne. Akwai wani gishiri, magnisiyam, da ba sa rayuwa sai da shi. In suka rasa, sai su buɗe ƙofar zuƙo shi, a lokacin ne kuma sharrinsu ke tashi. An gyara su yadda in yunwar ta kama su, ruwan kwalbar zai koma shuɗi. Ga shi nan fari tas. Wani ya ƙosar da su."

"Kamar Malam, maigidana," in ji A'i. "Sai da yunwa yake faɗa. Ina ake samun gishirin?"

"Ko'ina. Ruwan rijiya, ganye, har toka."

Sai A'i ta tuna. Ranar Alhamis da ta wuce sabulu ya ƙare, ta ƙullo tokar murhunta a leda, ta dirje kwalaben nan yadda take dirje tukwanenta. Sun yi ƙal, har ta yaba wa kanta.

Ta gyara mayafi, ta sake gyarawa. Sannan ta faɗa wa Liatu maganar tokar.

Liatu ta zuba mata ido, can ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Inna! Ina sa su azumi, ke kina kai musu sahur a ɓoye?"

"To ai baƙi ne. A bar baƙo da yunwa?"

Nan take suka fiddo sababbin kwalabe, A'i ta ɗauraye su sau bakwai da tataccen ruwa, Liatu ta sake zuba ƙwayoyin a ciki. Safiyar Alhamis suka yi shuɗi kamar an zuba baban rini. Liatu ta jera biyu daga na tokar a gefe, ta nuna wa malamanta bambancin mai yunwa da ƙosasshe. Aikin ya karɓu.

Abin da aka rasa: kwalba goma da aka zubar, kwana huɗu, da ledar toka guda da Liatu ta ƙwace.