Ranar da Shirwar Eko Ta Cire Fuska

Tun daga Ojuelegba har Lekki babu wanda ya ga fuskar Morolake, kuma haka take so. Ta shiga danfo da fukafukan soso a bayanta da fuskar shirwa mai dogon baki, sai kwandasta ya leƙo ya ce, "Anti tsuntsuwa, ko dai ki naɗe fiffiken nan, ko ki tashi sama ki rage mana gosulo." Mota ta kwashe da dariya, ita ma ta dara. Idan tana cikin wannan shiga kowa yana tsokanarta kamar sauran mutane, ita kuwa abin da ta fi kewa ke nan a duniya.

Shekara uku ke nan da tukunyar gas ta fashe a shagon amalar mahaifiyarta. Wuta ta cinye mata kuncin hagu, ta janye leɓenta ƙasa, ta tafi da rabin kunne. Ana cewa mutanen Legas ba su da lokacin kowa, amma ƙarya ne, suna da lokacin kallo. Wasu su kalla su kau da kai da sauri, wasu su dafe ƙirji su ce "Allah sarki", kuma waɗannan na biyun ta fi tsana. Sai ta kulle kanta a ɗaki ita da keken ɗinkinta, har ranar da wata ta kawo mata aikin kayan Shirwar Eko, jarumar littattafan zane da yaran gari suke hauka a kanta. Matar ba ta dawo karɓa ba. Morolake ta saka kayan ta tafi taron masu shigar jarumai a Yaba, inda suke da wata doka da ba a rubuta ba: duk wanda ya zo da rufaffiyar fuska, rashin kunya ne a ce ya buɗe.

A can ta haɗu da Ladipo, mai gyaran waya a Ikeja, wanda yake shigar Jan Kada, abokin faɗan Shirwa a littafin. Wata takwas suna hira ta waya, sau uku suna haɗuwa a taro, bai taɓa ganin ko haɓarta ba. Ta gaya masa labarin wutar. Shi ne ya kira ta yau, wai gidan mutum-mutumin kakin zuma ya buɗe sabon zauren jarumai, dole su je su tsaya kusa da na asali. Tana son sa, ta san haka sarai, kuma ta san bai san wadda yake so ba tukuna.

Ta same shi a bakin ƙofa, jar wutsiyarsa ta roba tana jan ƙasa, hular kada a kansa, fuskarsa a fili tana ta sheƙi da gumi.

"Lake! Kin ga yadda kika yi kuwa? Wallahi ta cikin zauren sai ta ji kunya."

"Kai kuma wutsiyarka ta share musu titi kyauta," in ji ta.

Suna dariya suka isa wurin mai gadi, wani tsohon soja mai farin gashin baki, yana zaune kan kujerar roba da sanda a cinya. Ya dubi Ladipo ya ɗaga masa hannu ya wuce, ya dubi Morolake ya gitta sandar.

"Madam, a cire fuska."

"Baba, ai kayan ne haka," in ji Ladipo. "Shirwa ba ta yawo da fuska a buɗe."

"A gidanku ke nan. Makon jiya wani ɗan iska ya rufe fuska ya sandare cikin mutum-mutuman nan, wata mai ciki ta zo ɗaukar hoto ya zabura mata. Sai da aka kwashe ta zuwa asibiti. Tun daga ranar, ko gwamna ne sai ya buɗe."

Ladipo ya sassauta murya, ya fara laluben aljihu. "Baba, a taimaka mana mana, ga na ruwan sanyi."

"Mayar da hannunka, yaro. Aikina kake so in rasa saboda tsuntsu?"

Mutane sun fara taruwa a bayansu, wata mata da 'ya'ya uku tana ta tsaki. Ladipo ya juyo ya ce a hankali, "Lake, in ba ki so mu ƙyale su. Mu je mu ci shawarma, kakin banza ne dai."

Da gaske yake, ta ji hakan a muryarsa. Tana iya juyawa, su ƙara wata takwas a haka, ko shekara. Amma ta gaji. Ta gaji da cin abinci ta ƙarƙashin bakin roba, ta gaji da tunanin ranar da wannan zai faru. Ta kai hannu ƙeya ta kwance igiyar.

Baba mai gadi ya kalle ta sau ɗaya, ya janye sandarsa. "Shiga, 'yata," kawai ya ce.

Ladipo bai firgita ba. Da ma ya firgita, da ta san inda za ta kama. Murmushi ya yi, irin wanda ake yi wa marar lafiya a gadon asibiti, ya ce, "Haba, ai ba wani abu ba ne. Yadda kike faɗa na ɗauka... ai ba komai." Ya yi sauri ya riƙe mata ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Da suka shiga ya zagayo ya koma damanta.

Zauren yana da sanyi kamar cikin firji, don kada zafin Legas ya narkar musu da jari. Sanyin ya riƙa cizon gefen tabonta. Jarumai sun jeru kan dakali ƙarƙashin fitilu, wannan ya ɗaga mota, wancan ya dunƙule hannu, dukansu da fata sumul babu ko ƙurji. Wata ma'aikaciya tana tsaye kan kujera tana goge wa ɗaya daga cikinsu kunci da ɗan burushi. Ladipo kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya gaya mata nauyin kowane mutum-mutumi, da yadda ake dasa musu gashi ɗaya bayan ɗaya, da ƙasar da aka sayo idanun gilashin. Komai yake kallo ban da ita.

"Sista Morolake, kin ga wancan?"

Ta tsaya cak. Wata takwas tana Lake, yau cikin minti goma ta zama Sista Morolake, kamar wata yayar abokinsa da ya haɗu da ita a coci.

"Na gani," ta ce.

A ƙarshen zauren suka tarar da nasu. Jan Kada ya durƙusa da gwiwa ɗaya, Shirwar Eko tana tsaye a kansa, fukafukanta a baje. Masu gidan sun sa ta riƙe fuskar shirwar a hannu, don a ga kyakkyawar yarinyar da ke ciki. Morolake ta duba ɗinkin kafaɗar ta ga nata ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, amma hakan bai sanyaya mata rai ba. Wasu 'yan mata biyu suka taho a guje daga baya suna cewa, "Anti, fukafukanki! Don Allah hoto!" Da ta juyo sai suka rage gudu, ɗaya ta ce, "Sannu, Anti," suka ɗauki hoton na kakin suka wuce.

Ladipo ya miƙa wa matar nan mai 'ya'ya uku wayarsa. "Momi, a taimaka a ɗauke mu."

Suka tsaya gaban dakalin. Ya gyara hularsa, ya ja wutsiya gefe, sannan ya leƙa wajen ƙofa ya sunkuyo kusa da kunnenta na dama.

"Baba ba ya kallo. Mayar da fuskar mana, minti ɗaya."

"A ɗauki ɗaya a haka tukuna," ta ce. Muryarta ta fito ƙarama, ta ji haushin kanta.

"Za a ɗauka, za a ɗauka. Wannan dai don kayan su cika ne, kin san mutanenmu da surutu."

"To ku yi sauri mana," in ji matar, "yarana suna jira."

Morolake ta ɗaga fuskar shirwar ta ɗaura. Tana gama ƙulla igiyar ta ji hannun Ladipo ya sauka a kafaɗarta, ya jawo ta jikinsa, kafaɗunsa suka saki.

"Yawwa, Lake! Baje fiffiken, baje shi duka!"

Ta baje. Matar ta danna sau huɗu ko biyar. A cikin robar hawaye suka gangaro suka bi ta kan tabon, inda ba ta jin komai, sai da suka kai wuya ta san sun zubo. Ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na wannan minti ba, ko a ranar da ta fara ganin madubi a asibiti.

Ladipo ya karɓi wayarsa ya yi godiya, ya duba hotunan yana ta washe baki. "Kai, wannan sai ya tayar da ƙura a dandalin sada zumunta. Zo ki ga mai ɗaga motar can kusa, an ce har jijiyar hannunsa suka yi." Ya jefa wayar a aljihu ya yi gaba, wutsiyarsa tana bin sa.

Ta bi bayansa tana jira ya tuna da ɗayan hoton. Ta jira har suka zagaye zauren duka suka fito.