Maɓallin da Ƙanen Tela Ya Sani

Tsohon mai rabon saƙo ya iso shagon wata tela da kwalin keken ɗinki, ya tarar da wani mutum jingine da ƙofa a kulle.

"Yaya ta fita, Baba. Ƙanenta ne ni, kawo in karɓar mata."

Tsohon bai ga kamanninta ko a kunnen mutumin ba, amma ya miƙa masa 'yar na'urar shaidar karɓar kaya don ya rubuta sunansa. Kowa kan sha wuya a nan, don haruffa uku ne cunkushe a maɓalli ɗaya, kuma sai an taɓa wani rawayan maɓalli kafin lamba ta koma harafi. Wannan kuwa babban yatsansa ya dinga tsalle kamar fara, har ya zarce ya danna F2 mai rufe aiki. Ma'aikatan rabon saƙo kaɗai ake koya wa wannan.

"Ɗana, a wane kamfani ka taɓa rabon kaya?"

"Ni? Haba Baba!"

Tsohon ya karɓe na'urar ya soke rufewar da F4, ya zauna daram bisa kwalin. "To, mu jira Yayar tare."

Ko minti biyu ba a yi ba ƙanen ya tuna yana da uzuri, ya kama gabansa.