Bel Ba Ya Shan Mai

Tun da hannun Baba ya fara rawa ya ajiye zarto da gizago. Kafinta ne na ji da gani a zamaninsa, amma yanzu ko kofin shayi sai ya tallabe da hannu biyu. Ganin zaman banza ya fara cin sa ne ya sa Yaya, babban ɗansa, ya sayo masa ɗan injin sassaƙa aka kafa a ɗakin baya. Girmansa bai wuce ƙaramin tebur ba. Mutum zai zana abin da yake so a kwamfuta, ya ɗaure katako, sai kan injin ya yi ta kai da kawowa yana sassaƙawa. Abin da ke jan kan kuwa bel ne na roba masu ƙananan haƙora, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Baba ya farfaɗo kamar shukar da ta sami ruwa. Ya yi wa jikoki motocin wasa, ya yi wa maƙwabta marfin akwati mai furanni. Inna kullum cikin mita take wai dusar katako har cikin miyarta, alhali ta fi kowa murna.

Kwatsam sai injin ya fara ƙarya. A ba shi da'ira, ya fito da ƙwai. A ba shi fure, ya fito da abin da ko akuya ba za ta kalla ba. Baba ya ɗauka laifinsa ne, hannunsa ke latsa inda bai kamata ba. Da ɓarnar katako ta ishe shi, wata safiya ya lulluɓe injin da tsohon zanin gado, ya ja ƙofa, ya koma kujerar baranda. Ya ce wanda hannunsa ya guje shi, ina inji zai tsaya masa.

Shi kuwa Yaya ba ya son ganin abu a ajiye. Ya ce akwai mai so, ƙarshen mako shi da kansa zai zo da mota ya kwashe, ɗakin a zuba kaya.

Auta ce abin ya tsaya wa a rai. Tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi, kuma ba mai yawan magana ba ce. Amma ta san mahaifinta. Ranar da injin nan ya bar gidan, Baba da kujerar baranda sai dai mutuwa ta raba. Don haka ta rufe shago da wuri, ta shiga ɗakin baya, ta yaye zanin.

Ta danna bel ɗin dama da yatsa, ta ji ya lotsa. Nan ta yi murmushi. A saninta, ciwon keken ɗinki biyu ne, ko ƙishin mai ko sakin bel, kuma inji ai inji ne. Ta ɗauko gwangwanin man kekenta ta bi bel ɗin nan tana ɗiga masa, ta shafe shi har yana ƙyalli. Da ta kunna, da farko tafiya ta yi santsi. Can sai dusar katako ta haɗu da mai ta zama caɓi, ta cike tsakanin haƙoran. Bel ya rinƙa zamewa a kan ɗan faifan da ke juya shi, kan injin ya nufi inda ba a aike shi ba, ya tsaga katakon gida biyu.

Inna ta leƙo, ta dubi hannuwan 'yarta baƙi ƙirin, ta ce garin neman gira kada a rasa ido. Auta ta ce ai idon ma a rufe yake da zanin gado.

Washegari ta dawo da almakashi da basilla. Ta gano inda haƙoran suka cinye, ta yanke wurin, ta huda bakin nan biyu ta haɗa su da 'yar waya, yadda take rage bel ɗin kekenta idan ya saki. Ɗinki ya yi kyau, ko ita ta yaba wa kanta. Sai dai duk lokacin da mahaɗin ya iso kan faifai, sai injin ya yi tsalle kamar an tsikare shi. A zuwa na uku wayar ta fincike, bel ya faɗi ƙasa.

Ta zauna a kan benci ta yi tagumi. Ta taga tana hango ƙeyar Baba, ya jingina, rediyo na ta surutu a cinyarsa ba ya ko saurare. Ta miƙe, ta naɗe bel ɗin a leda.

Sai da ta taka layin masu kayan lantarki tun daga farkonsa har ƙarshe. Wannan ya tura ta wurin wancan, wancan ya ce ba layinsa ba ne. Daga ƙarshe aka nuna mata wani lungu, shagon mai gyaran injinan buga takardu. Mutumin ya zaro bel ɗin, ya shinshina, ya dubi 'yar wayar da ke lilo a bakinsa.

"Malama, ke tela ce ko?"

Ta sunkuyar da kai ta ce eh.

"Na gani. Kin soya shi, kin kuma yi masa kalmasa. Saura maɓalli."

Ya yi dariyarsa ya more, sannan ya yi mata bayani. Irin wannan bel ba ya shan mai, buroshi kawai yake so, kuma ba a yi masa faci. Ya yanko mata sababbi guda biyu masu zaren ƙarfe a ciki, waɗanda ba sa saurin saki, ya ce ta canza duka, kada ta bar tsoho da sabo su yi ta jayayya. Ya ja mata kunne cewa ɗaurin dama da na hagu su zo daidai. Da ta tambayi iya inda za ta ɗaure, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan kam sai mai injin.

Ranar da Yaya zai zo, tun da hantsi tana ɗakin baya. Ta wanke faifan nan da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, haƙori bayan haƙori, ta goge ta shanya. Ta zura sababbin bel, ta kama bakinsu da noti. Tsoron saki ya sa ta ɗaure na dama iya ƙarfinta, ta zo kan na hagu hannunta ya gaji. Da ta kunna sai injin ya kama gurnani, kan yana tafiya a karkace kamar ƙaguwa.

Ba ta kashe ba. Ta ma ƙara buɗe taga don gurnanin ya kai baranda.

Ba a jima ba ta ji jan takalmi. Baba ne a bakin ƙofa, fuska a murtuke.

"Auta, yanka shi kike yi? Kashe abin nan."

Ta kashe. Ta ce ai ba laifin hannunsa ba ne tun farko, bel ne ya tsufa, ga sababbi ta sa, ɗaurin ne ya gagare ta.

Baba ya matso, ya kai yatsa zai taɓa bel ɗin dama. Yatsan ya yi ta rawa, ya kuskure, ya sake kuskurewa. Auta ta kau da kai kamar tana neman sifana. Da ya samu ya fizge shi sai bel ya yi ƙara siririya. Ya fizgi na hagu, ya yi wata ƙara mai kauri.

"Kin ji? Wannan yana kuka, wannan yana minshari. Haka muke gwada igiyar zarto. Sassauta na dama."

Ta sa sifana ta juya kaɗan.

"Ƙara. Ke, a hankali, ba wuyan riga ba ne."

Haka suka yi ta yi, hannu nata, kunne nasa. Ta juya, ya fizga, ya karkata kai ya saurara, ya ce saura ƙiris. Har ya ja benci ya zauna bai sani ba. Da muryoyin biyu suka zo ɗaya, ya ce ta ɗaura guntun katako. Shi da kansa ya latsa kwamfutar. Kan injin ya zagaya sumul, ba gurnani ba tsalle. Baba ya ciro katakon ya shafa gefensa da babban yatsa, ya ɗaga shi saitin taga ya kanne ido ɗaya. Ya ce da sauran gyara, amma an kama hanya. Daga yau kuma kada ya ƙara ganin gwangwanin mai a ɗakin nan, buroshi za a rataye a jikin ƙusa, duk wanda ya gama aiki ya share bel.

Suna cikin haka aka yi hon a waje. Yaya ya shigo yana kaɗa makulli, ya tsaya turus da ya ga Baba da dusar katako har a gemu. Ya ce to, ga mota fa ya kawo.

"Madalla," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Tunda babba ce, wuce wurin masu katako ka cika mana ita. Ka ce busasshe nake so. Auta, miƙo sifanar nan, na hagu ya ɗan motsa."