Don Evelio Ba Ya Tsinkar Ɗanye

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Don Evelio ya shanye, hannun damansa ya koma kamar na aro. Mutumin da ya shekara arba'in yana tsinkar kofi a tsaunukan Chinchiná, ga shi a kujerar asibiti an ɗaura masa ƙaton tabarau mai rufe ido. Da ya sa sai ya ga kansa a gonar kofi ta hoto, da wani hannu da ke bin motsin nasa. Shi ya tsinko, na'ura ta ƙirga.

Ƙirgar ce ta ƙi. Sauran majinyata na tsinko 'ya'yan kofi har tamanin, shi ko ashirin bai taɓa cikawa ba. Likita ya ce in mako ya ƙare a haka, hannun ya kai iyakarsa, sai a ba wani gurbin. Tsoro ya cika Evelio, amma taurin kai ya hana shi faɗa.

Ranar Juma'a Yuliana, mai gasa masa hannu, ta kunna allo don ta ga abin da yake gani. Matarsa Nohemí na leƙe ta bayanta.

"Don Evelio, ga reshe cike a gabanka. Kwashe duka mana!"

"Duka? Haba 'yata, ɗanye ne! Rabin gonar nan kore shar."

Nohemí ta tuntsure da dariya. "Kai tsoho, gonar ƙarya ce fa! Wa zai sha?"

"Ko ta ƙarya ce, ni ba na ɓata buhu. Sai ubana ya taso daga kabari ya mare ni."

Yuliana ta bar allon, ta dubi hannun na gaske. Babban yatsa da manuni, waɗanda a watan jiya ko cokali ba sa riƙewa, suna ratsa tsakanin ɗanyu, su kama ja guda nunanne, su murɗe. Masu tamanin kuwa da dunƙulallen hannu suke share reshe.

Da gudu ta kira likita. Ya tsaya ya kalla, ya sake kallo, ya sosa ƙeya.

"Tsoho," in ji Nohemí, "likita ya ce ba inda za ka. Wai hannunka ya fi na kowa."

Hawaye ya ziraro ta ƙarƙashin tabarau. Evelio bai tsaya share shi ba, ya ɗaga hannun sama da kafaɗa.

"To ku yi mini shiru. Akwai jajaye biyu can sama."