Magana ta Goma Sha Tara

A Ruwais, wata unguwar bakin teku a ƙasar Makka, cikin shekarun da aka fara ja wa unguwar wutar lantarki, Hausawan wurin suna da wani tsakar gida na jama'a, mai rumfa da tabarmi, inda suke yanke al'amuransu. Yadda suke yankewa kuwa sun ce daga kakanninsu mahajjata suka gada. A ajiye tulu biyu a tsakiya, fari na "na yarda", ja na "ban yarda ba". Duk maganar da aka kawo, mutum ya ɗauki dabino ɗaya ya ci, ya yi tunani muddin yana taunawa, sannan ya tashi ya jefa ƙwallon. Ƙwallon da ba kai ka ci namansa ba, ba a lissafa maka shi. A da magana ba ta wuce biyu ko uku, a sha gahawa a watse.

Sai Allah ya kawo Usuman, wani Bahaushen Sudan mai aikin rubutu a tashar jiragen ruwa, aka naɗa shi magatakarda. Mutumin kirki ne, amma ko gaisuwa ka yi masa sai ya so ya sa mata lamba. Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya zo da takarda mai magana ashirin da shida, ya sa aka shigo da dabino kwando uku.

Abdulghaffar, tsohon mai ɗaukar ruwa wanda famfo ya sallama daga sana'a, magana ɗaya ce ta kawo shi, ta goma sha tara. Ana so a toshe ƙaramar ƙofar baya mai fita bakin teku, don awaki na shigowa ta nan suna cin tabarmi. Ta wannan ƙofa yake bi da matarsa Mastura kowace safiya. Ƙirjinta ya daɗe da lalacewa, numfashi ba ya saukar mata sai ta zauna inda iskar teku ke bugun fuska. Daga ɗakinsu zuwa ruwa taku arba'in ne in an ratsa tsakar gidan. In an zagaya kuwa sai an bi ta bayan rumfunan masunta, tafiyar da ta fi ƙarfinta tun shekaru huɗu da suka wuce.

Tun a bakin ƙofa ya tare aminansa, Mahmudu mai kifi da Haladu tela.

"Ku ji tsoron Allah ku adana cikinku," in ji shi. "Kada ku taɓa dabino sai ta goma sha tara."

"Halas, an gama, ya Abu Sharifa," Mahmudu ya ce, da yake da sunan 'yarsa ake kiran Abdulghaffar. "Ko zuma aka zuba musu ba zan taɓa ba."

Magana ta farko, a yi wa rumfa fenti kore ko a bar ta. Mahmudu ne ya fara miƙa hannu kwando. To, ina za a yi zancen fenti mutum ya rasa ra'ayi? Ta biyu, a sayi fanka. Ta uku, in an saya a wane ginshiƙi za a rataye ta. Ta huɗu, wa zai riƙe makullin akwatin kofuna. Usuman yana karanta kowace da Larabci, ya maimaita da Hausa, ya kuma yi bayanin abin da ya maimaita. Dattawa arba'in da 'yan kai suna ci suna tashi suna jefawa. A ta bakwai aka fara neman ruwa. A ta goma Haladu ya kwance maɓallin wuya, ya ce zaƙin ya hau masa kai, bari ya leƙa gida ya dawo. Bai dawo ba.

Abdulghaffar bai ci ko ɗaya ba. Yana zaune jingine da bango, daidai inda yake hango ƙofar, wadda aka bari a buɗe saboda zafi. Ta cikinta teku yana sheƙi har ido ya gaji. Wani jirgin alhazai na tsaye can nesa, fari fat, kamar ba kan ruwa yake ba. Muryar Usuman tana hawa tana sauka, ƙwallaye suna faɗawa tulu ƙwas, ƙwas, amma sun fara yin nisa da juna. A ta goma sha biyar mutum goma sha biyu ne suka tashi. Sauran wasu sun sulale, wasu sun rufe fuska da rawani. Mahmudu yana kwance rigingine, baki buɗe, da rabin dabino a hannu.

Tsoro ya kama Abdulghaffar sosai. Ya zunguri Mahmudu, Mahmudu ya ce "na yarda" cikin barci ya juya. Da aka shiga ta goma sha takwas, kan ko a hana shanya komar kamun kifi a katanga, sai ya ɗauki dabinonsa tun da wuri don ya zama a shirye. Yunwa kuwa ta riga ta ci shi, tun safe bai sa komai a baki ba. Dabinon mai laushi ne, ya narke masa a harshe. Ya ce bari ya lumshe ido kaɗan, ya ji daɗinsa.

Sai ya ga ruwa yana shigowa ta ƙofar a hankali, ba tashin hankali, yana ɗaga tabarmi ɗaya bayan ɗaya da mutanen da ke barci a kai. Tulunan nan biyu suka taso suna lilo, suka bi ta ƙofa suka fita. Ya bi su. A bakin teku ya tarar da Mastura, yarinya ɗanya kamar shekarar da aka kawo masa ita daga Makka, ta tattare zane zuwa gwiwa tana gudu cikin ruwa, ba tari, ba haki. Ta juyo tana dariya, tana kiransa ya zo ya ga wani ƙaramin kifi mai shuɗin baya. Daɗi ya cika shi har ya ji hawaye. Ya ce mata yana zuwa, akwai abin da zai jefa tukuna, amma ya kasa tuna ko mene ne. Ta ce ya bari, ba sauri ake ba.

"Magana ta ashirin da biyu," in ji Usuman.

Abdulghaffar ya zabura. Inuwa ta riga ta kai tsakiyar fili. Harshensa ya taɓa wani abu mai tauri a kumatu.

"Ta goma sha tara fa?"

Usuman ya bi takarda da yatsa. "An wuce ta, ya Ammi," in ji shi, wato baffa. "Fari huɗu, ja uku. Za a toshe."

Ɗaya kacal. Da an yi kunnen doki, a al'adarsu ƙofa tana nan yadda take. Ya tofo ƙwallon a tafin hannu, ya nufi Shehu Husaini, dattijon da ke shugabantar zaman.

"Ga nawa, ya Shaikh. Wallahi ni na ci shi, ga shi da danshinsa."

Shehu Husaini ya dubi ƙwallon, ya dubi Abdulghaffar, shi ma idonsa jajir. "Na sani, ɗan'uwana. Amma an juye tulu, an shafa Fatiha. Abin da aka shafa wa Fatiha sai baɗi. Ai na duba wajenka. Na ga kana murmushi, na zaci ka haƙura ne."

Abdulghaffar bai tsaya jin sauran maganganun ba. Ya tarar da Mastura zaune a bakin ɗaki, ta dafa ƙirji, tana jan numfashi da ƙyar kamar kullum da yamma. Ta dubi fuskarsa, ba ta tambaye shi ƙidaya ba.

"Yaushe magina za su zo, ya Abu Sharifa?"

"Lahadi."

Ta yi lissafi a yatsu, ko da yake babu abin lissafawa. "To muna da gobe," in ji ta. "Ka tashe ni da wuri, kada ka ce ina barci ka ƙyale ni."