Abin da Ya Rage na Muryar Liyatu

Ni na fara jin kaset ɗin nan a duk faɗin Minna, kafin fastoci, kafin 'yan kwaya masu waƙar coci. Wani direban tirela ne ya sauko da shi daga Jos, shekarar da soja suka canja kuɗi. Ya ajiye mini a tebur ya ce, "Sanda, ji abin da yaran coci suka yi." Na jefa a rikoda. Jita, gangunan Turawa, 'yan mata suna amshi da murya tas. Kafin waƙar farko ta ƙare na ce wannan zai cinye gari. Ya kuwa cinye.

Ni ba ɗan coci ba ne, kuma ban taɓa zama a aji ba. Amma na zuba gawayi a jirgin ƙasa lokacin yaƙi na fito da raina, gobara ta lashe rumfata na sake kafa wata, kuma ni na fara kawo rikoda mai cin kaset biyu unguwarmu Limawa. Ka kawo tsohon kaset, in goge abin da ke ciki in naɗa maka sabo. Sana'ata ke nan.

Ana saura kaɗan Kirsimeti sai ga Silas, malamin makaranta, shi ne kuma shugaban mawaƙan cocin unguwarmu. Ya tattaro duk tsofaffin kaset ɗin gidansa a kwali ya dire gabana.

"Baba Sanda, a cika mini su duka da na Jos ɗin nan. Kowane ɗan kwaya zan ba shi ɗaya ya je ya hardace."

"Duka?"

"Duka, Baba. Tarkace ne."

Ku riƙe wannan kalma da kyau, daga bakinsa ta fito.

Kowane kaset yana da wasu 'yan haƙora biyu a gindinsa. In mai shi ba ya son a goge abin da ke ciki, sai ya karye su, rikoda ta ƙi ɗauka. Mu kuma masu sana'a mun san maganin wannan: ka cusa 'yar takarda a ramin, shi ke nan. A cikin kwalin Silas akwai wani da aka karye wa haƙoran duka biyu, da rubutun jan biro a jikinsa. Rubutu kuwa ni da shi sai kallo. Na sa shi don in gwada ko zarensa na tafiya. Wata mata ce ita kaɗai, ba ganga ba jita, tana rerawa da yarensu na Gbagyi tana komawa Hausa. Na saurara kaɗan. To, ba kaɗan sosai ba, sai da waƙa guda ta ƙare, don muryar ta riƙe ni. Amma mutane na tsaye a kaina, kowa na son na Jos. Na naɗe takarda na cusa, na danna jan maɓalli.

Bayan kwana biyu Silas ya dawo a guje, ko sallama babu.

"Baba, a cikin kaset ɗin nan akwai mai jan rubutu?"

"Akwai. Na cika maka shi."

Sai ya zauna a ƙasa, da farin wandonsa na makaranta. Ashe muryar Liyatu ce, matar Shekwolo kafinta. Ita ke ƙirƙira wa zumuntar matan cocinsu waƙoƙi, ba a takarda ba, a kanta. Da ciwo ya kwantar da ita, 'yarta Phoebe ta ari rikoda ta ɗauke ta tana rera su. Da damina ta rasu. Bayan an binne ta Silas ya roƙi mijin ya ba shi aron kaset ɗin, wai zai koya wa kwaya. Yanzu ga shi Shekwolo ya aiko a mayar masa da abinsa, Phoebe na tafe daga Kagara da yara, suna son jin kakarsu ranar Kirsimeti.

"Zan ce ya ɓata," in ji Silas.

Na ce, "Ɗan coci da ƙarya?"

"To me zan ce? Baba, ba ku ga an karye haƙoran ba?"

"Kai da ka iya karatu ba ka ga rubutun ba?"

 Can na tuna waƙoƙin Jos ba su cika zaren ba. Na karɓi kaset ɗin na kai shi ƙarshe. Jita ta mutu, sai shuu, sai ga ta. Wutsiyar wata waƙa, tari, 'yar dariya, sannan ta ce, "Baban Phoebe, kori zakaran nan mana, yana shiga mini waƙa." Ƙas, zare ya ƙare.

Ba wanda ya tilasta ni, ni na ce mu je tare. Na ɗauki ƙaramar rikodata da sababbin batir. Muka tarar da Shekwolo a gindin mangwaro yana goge katako. Silas ya durƙusa ya faɗi abin da ya faru. Tsohon ya ɗago kai. Ya nuna rikoda da haɓa.

Na sa hannu zan tura zaren gaba, ya ce, "Bar shi. Za ta zo da kanta."

Haka muka zauna muka sha jitar Jos tun daga farko. Waƙoƙin da na yi ta yabo a kasuwa, ranar nan kowace ganga a ƙirjina take sauka. Da Liyatu ta yi maganar zakara, Shekwolo ya waiga bayansa kamar zai kore shi. Sannan ya share fuska da gefen riga.

"Silas, waƙa nawa ka koya wa yara?"

Silas ya girgiza kai.

"Ko sau ɗaya ka saurara?"

"Baba, na ce sai na sami lokaci."

Tsohon ya juyo kaina. "Kai fa, mai inji? Ba ka ji komai ba kafin ka goge?"

Da na ce a'a, wa zai ƙaryata ni? Na buɗe baki in ce ban iya karatu ba, sai waƙar ta riga ni fitowa. Wannan kunnen nawa in abu ya shiga ba ya fita, shi ne abin alfaharina. Na rera masa: "Ubangiji, hanyar rafi da santsi, riƙe ni in kai ruwana gida."

Shekwolo ya ajiye katakonsa.

"Ashe ka ji ta," ya ce. "Ka ji ta, sannan ka danna."



"Sake rerawa," in ji shi. "Kai kuma Silas, buɗe kunnenka."

Na yi ta maimaitawa, yana gyara mini wuraren yarensu da nake kwaɓawa, har Silas ya kama. Ranar Kirsimeti kwaya ta rera ta a tsakiyar waƙoƙin Jos. Ban shiga ba, daga bakin titi na tsaya, ta tagar coci na hangi Phoebe ta rufe fuska da gyale. Waƙa ɗaya ke nan. Sauran da ke cike da kaset ɗin gaba da baya, matan zumunta suna tuna rabin wannan, farkon waccan, ba mai haɗa su.

Har gobe akwai masu cewa Sanda ne ya goge Liyatu. Wa ya kawo kwalin? Wa ya ce tarkace? Kuma ba don kunnena ba, da ko ɗayar ba a samu ba. Mai shakka ya zo Limawa, rumfata na nan, in rera masa ita daga farko har ƙarshe, da Gbagyin da komai. Ya kuma taho da kaset mai karyayyen haƙori, ya roƙe ni yadda yake so, ya ga ko zan cusa masa takarda.