'Yan'uwa Uku a Cikin Gilashi

Ranar da aka binne Hyon Gapsun iska ba ta bar hula a kan kowa ba. Ita ce simbang ta ƙarshe, wato mai hidimar iskoki, a ƙauyen Nolgae da ke wani tsibiri. Ita ke kiran iskoki da magabata, ita ke buɗe wa matan da ke sana'ar nutso a teku sabuwar shekara, in kuma ruwa ya ci mutum ita ke zuwa bakin gaɓa ta kwaso ransa ta kai shi gida. Ta bar 'ya'ya biyu, Sangchol da ya tafi Seoul tun yana saurayi har ya zama malamin jami'a, da ƙanwarsa Miryon mai gonar lemo. Ta kuma bar mengdu.

Mengdu su ne kayan aikinta: wuƙaƙe biyu na tagulla masu doguwar jela ta farar takarda, da ƙararrawa, da faifan duba mai 'yan ƙoƙuna. A tsibirin nan ba a ce musu kaya. 'Yan'uwa uku ne, uwa ɗaya. Wuri ɗaya suke kwana a kan kantar ɗakinta, tare ake zuba musu shinkafa da giya, in za a fita hidima a ƙunshe su a ƙyalle ɗaya a goya.

Sangchol ya san wannan fiye da kowa, don kuwa aikinsa ke nan. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin masu irin sana'ar uwarsa a ƙasashen mutane. Ya zauna da mai ganga a Mongoliya, ya hau duwatsun Nepal ya ga tsoho yana rawa da ƙararrawa a ƙugu. Duk inda ya je labarin kusan ɗaya ya tarar: mutum ya kwanta ciwo, ya ƙi abinci, ya ji ana nemansa, ya karɓi kayan wani mamaci, ya miƙe. Ya jera waɗannan labarai kafaɗa da kafaɗa a wani littafi da mutanen Nolgae suka ce ya isa a danne murfin tulun kimchi, tsimammen kabejinsu, da shi.

Da baƙi suka watse, shi da Miryon suka tsaya a ɗakin uwarsu suna kallon kantar.

"Ni dai kada ka kalle ni, Yaya," in ji ta. "Ko taɓa su ban yi ba tun ina yarinya."

"Ban ce ki taɓa ba. Zan tafi da su."

"Ka kai su ina? Ka iya zuba musu shinkafa? Kai da ko taka matarka ce ke zuba maka, Allah ya jiƙanta."

"Inda zan kai su ba tsatsa, ba ɓera. Mutane za su zo su ga abin da Inna ta yi rayuwarta a kai."

Miryon ta ɗaga kafaɗa. Ta gaji, kuma tana so abin ya bar mata gari.

A jami'arsa akwai wani zaure da Sangchol ya daɗe yana tara kayan masu hidimar iskoki daga ƙasa ƙasa. Tsarinsa shi ne iri ya bi iri, don mai kallo ya gane da idonsa cewa ɗan Adam ko'ina tsoronsa ɗaya ne. Akwatin gilashi na farko na ƙararrawa ne, na tsakiya na wuƙaƙe da takubba, na kusa da ƙofa na kayan duba. Da hannunsa ya kwance ƙyallen uwarsa. Ya ajiye ƙararrawarta tsakanin ta Mongoliya da ta Nepal, ya taka zuwa tsakiyar zaure ya kwantar da wuƙaƙen, ya ƙarasa bakin ƙofa da faifan. Da ya ja baya ya duba, har ƙwalla ta zo masa. A Nolgae an yi ta raina matar nan, ga ta yau cikin tsararrakinta na duniya.

Lokacin da itatuwa suka fara fure 'yarsa Yerin ta fara buɗe ƙofofi.

Yarinya ce mai shekara ashirin, tana karatun haɗa magunguna, ba ruwanta da iskoki. Da farko abin bai kai a yi magana ba. Sai ta tashi daga karatu ta buɗe kabad, ta leƙa, ta rufe. Ta buɗe firiji, ta buɗe banɗaki, ta buɗe akwatin takalma.

"Me ya ɓace miki?" in ji Sangchol.

"Ban sani ba, Baba. Ji nake kamar na ajiye wani a wani wuri na manta."

"Wani abu dai."

"A'a. Wani."

Daga nan abinci ya tsaya. In ya zuba mata shinkafa sai ta sa cokali ta raba ta gida uku a cikin kwano, ta zauna tana kallo, ta yi ta matso da su kusa da juna ba ta haɗa ba, har ta huce. Wuyanta ya fito, agogon hannunta ya koma yawo har gwiwar hannu. Likitoci suka auna jini, suka haska kai, suka ce gajiyar karatu ce da rashin kakarta, suka ba ta ƙwayoyi. Ta sha. Ta ci gaba da buɗe ƙofofi, sai dai a hankali yanzu, tana dafa bango.

Abin da ya fi cin Sangchol shi ne ba baƙon abu yake gani ba. Ya ga wannan a tantin fata, ya gan shi a bukkar dutse, ya san sunansa da harsuna da yawa. Ya kuma san yadda ake bayaninsa: yarinya ta yi hutu a gidan kakarta tana ƙarama, ta ji labarai, zuciya ta adana, baƙin ciki ya tono. Ya sha faɗa wa ɗalibai haka, suna rubutawa. Amma babu ɗaya daga cikin bayanan da ya sa ta haɗiye loma guda.

Ya kira Miryon. Ta saurara har ya gama.

"Gida uku ka ce take raba shinkafar?"

"Haka ne."

"Yaya, ina ka sa su?"

Ya gaya mata.

"Kai ne fa ka rubuta a littafinka cewa ba a raba su. Ni da ban gama shafi goma ba na ga wurin."

"Na rubuta cewa mutane sun yi imani da haka."

"To mutanen suna gaishe ka. Kwaso su ka zo da yarinyar nan."

Washegari da rana ya shiga zauren da mabuɗansa. Ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya bar gurbi uku a cikin gilashi, ya ƙunshe su a tsohon ƙyallen. A cikin jirgi Yerin ta ɗora tafin hannu a kan ƙunshin, ta yi barci irin wanda ta daɗe ba ta yi ba.

Wanda ya rage da ya san kan abin shi ne tsoho Kang, makaɗin Gapsun, wanda ya bi ta da ganga tun suna da ƙarfi. Yanar ido ta rufe masa gani, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Miryon ta riƙo hannunsa ta kawo shi tsohon gidan, ya zauna a kan tabarma yana shafa ƙunshin kamar kan jariri.

"Samchun," in ji Sangchol, yadda ake kiran kowane babba a tsibirin, "ga su na haɗa. Shi ke nan ko?"

"Ka haɗa, madalla. Kai in an raba ka da 'yan'uwanka an bar ka da yunwa, ana haɗa ku sai ka ce na gode ka kwanta?" Ya yi tari. "Ni makaɗi ne, ban taɓa jin muryarsu ba, kada in yi maka ƙarya. Abin da na ga ana yi dai, mai goyo suke so. Wanda zai ciyar da su, ya fita da su hidima. Kuma sun riga sun nuna gidan da suke so."

Sangchol ya dubi Yerin, tana jingine da bango an lulluɓa mata bargo. Ya tuna yadda yara a makaranta suke janye kwanon abincinsu in ɗan simbang ya zauna kusa. Ya tuna matan da ke zuwa da kuka su riƙe ƙafar uwarsa, in an kwana biyu su gan ta a kasuwa su kau da kai. Ya tuna ƙafafun nata bayan doguwar hidima, a kumbure cikin ruwan gishiri, tana magana da muryar wani mamaci da bai gama fita daga maƙogwaronta ba.

"Ni zan goya su," in ji shi.

Tsoho Kang ya yi dariya har ganga ta zame daga cinyarsa. "Kai? Da wannan tumbin da nake jin numfashinsa daga nan? Uwarka tana tsalle sai ka ce fara."

"Zan koya. Na san waƙoƙin duka."

"Ka san su a takarda."

"Ai jini ɗaya ne, Samchun. Ni ma ɗanta ne."

Tsohon ya daina dariya. "Ba ni zan ce ba. A tambaye su."

Miryon ta jera ƙananan tebura, ta sa shinkafa da gasasshen kifi da lemo da giya, ta kunna turare, sannan ta fice tsakar gida, ta ce tukunya na kan wuta. Ba tukunyar ce ta fitar da ita ba. Kang ya fara kiɗa a hankali. Sangchol ya durƙusa, ya faɗi sunansa da shekarunsa da sunan uwarsa, ya roƙi gafara a kan gilashi da yunwa. Muryarsa ta ba shi kunya, muryar mai karantarwa ce. Ya kama wuƙaƙen ta jelar takarda, ya kaɗa su, ya saki.

Yadda ake karanta faɗuwarsu ba wuya. In bakinsu ya kalli gefe ɗaya, an karɓa. In suka juya wa juna baya, an ƙi. Sangchol ya taɓa zana kowace faɗuwa da hannunsa, ya kwatanta ta da ta ƙasusuwan tumaki da ta ɓawon kunkuru.

Sun juya wa juna baya. Jelar ɗaya ta miƙe a kan tabarma har ta taɓa gefen bargon Yerin.

Kiɗa ya tsaya. "Yaya suka faɗi?" in ji Kang, yana miƙo hannu yana lalube.

Kafin hannun ya iso Sangchol ya kwashe su ya rungume a ƙirji.

"Gefe ɗaya suka kalla, Samchun. Dama."

Tsohon ya bar hannunsa a kan tabarmar da ba komai, ya juyo da fararen idanunsa wajen muryar. Sannan ya ja ganga ya ci gaba da kiɗa, bai ce madalla ba.

Da yamma Yerin ta ci shinkafa da miyar ciyawar teku. Ba ta raba ba. Ta ce a ƙara mata kifi, Miryon ta juya baya tana share ido da gefen riga. Ko ƙwayoyin ne suka fara aiki, ko iskar teku, ko ganin an yi wani abu dominta, Sangchol yana da bayani ga kowanne, bai kuma yarda da ko ɗaya ba har zuci.

Da ya raka Yerin filin jirgi ta tsaya a bakin layi da jakarta.

"Baba, na ga yadda suka faɗi."

"Ba ki iya karatunsu ba."

"Ban iya ba. Fuskarka na karanta."

"Ki tafi ki gama makaranta. In an yi hutu kada ki zo, ni zan zo."

"Har yaushe?"

Ya gyara mata wuyan riga, ya lura yatsunta na dama suna motsi a kan hannun jakar, 'yar kaɗawa ƙasa ƙasa, irin ta mai riƙe da ƙararrawa. Ta bi idonsa, ta cusa hannun a aljihu.

Sangchol ya ajiye aikin jami'a ya tare a gidan uwarsa. Kullum da safe yana zuba wa 'yan'uwan uku shinkafa, da rana tsoho Kang ya zo ya yi masa kiɗa yana koyon taka rawa, gwiwoyinsa suna ƙara. Matan nutso sun fara kiransa, don babu wani. Suna cewa ba ya kuskuren kalma ko ɗaya, sai dai ƙararrawar a hannunsa kamar an cusa mata auduga. Bai sake jefa wuƙaƙen a kan maganar kansa ba.

Da rana ta yi sanyi yakan zauna a kan katangar baƙin dutse ya kira Seoul.

"Kin ci abinci?"

"Na ci, Baba."

"Me kika ci?"

Sai ta shiga lissafa masa, tana tsokanarsa wai ya zama tsohuwa. Shi kuwa ba abincin yake saurare ba. Yakan toshe ɗaya kunnen saboda iska, ya danna wayar sosai, yana kasa kunne can bayan muryarta, ko zai ji ana buɗe wata ƙofa ana rufewa.